Dattijo A Gida, Mai Gajeren Kwana A Baƙunci: Labarin Itacen Fayin Na Sikotilan

Akwai wani itace a ƙasashen sanyi wanda labarinsa ya isa a tsaya a ji. In an bar shi a dajinsa na gado ya kan shekara 150 har zuwa 300 bai faɗi ba, har ma an sami wani a Laplan, can arewacin ƙasar Finlan, wanda aka ƙidaya masa shekara fiye da 760. Amma irin itacen nan, in aka ɗauke shi aka kai tsakiyar Amurka aka dasa a ƙofar gida, ana ba shi ruwa da taki, ana share masa gindi, sau da yawa ba ya wuce shekara 30 ko 40, wani ma ba ya kaiwa. Mai gida ya kan gan shi kore shar a watan Yuli, kafin Oktoba ta ƙare ya bushe ƙayau, sai gatari. To, ruwa ba ya tsami banza. Abin da mu ke so mu bincika tare da masu karatu shi ne dalilin da ya sa itacen da ba mai kula da shi ya ke ganin tattaɓa kunnen wanda ya fara zama a inuwarsa, wanda a ke lallashi kuwa ya ke riga wanda ya dasa shi tafiya.

Sunan dangin itacen fayin. Danginsa sun fi iri 100 a duniya, amma wannan shi ne Turawan Ingila suka laƙaba wa sunan ƙasar Sikotilan, domin a tsibirinsu can ne kaɗai dajinsa na asali ya saura. Masana ilmin itatuwa suna ce da shi Pinus sylvestris, watau fayin na daji. Kada sunan Sikotilan ya ruɗi mutum ya zaci nan ya tsaya. A cikin danginsa duka babu wanda ya kai shi yaɗuwa: ya tashi daga Sikotilan da duwatsun Sifen ta yamma, ya ratsa Jamus da Folan da Rasha, bai tsaya ba sai gabashin Saibiriya kusa da teku. Mutanen Sikotilan sun zaɓe shi ya zama itacen ƙasarsu a 2014.

Ba shi da faffaɗan ganye irin na ɗurumi ko ceɗiya. Ganyensa siri-siri ne kamar allura, tsawonsa inci 2 ko 3, biyu-biyu su ke fitowa a ɗaure a gindi ɗaya, a ɗan murɗe, launinsu kore mai ratsin shuɗi. Ba ya kaɗe ganye gaba ɗaya ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Ɓawonsa daga ƙasa toka-toka ne mai kaushi, amma daga tsakiya zuwa sama ja ne kamar garura, yana ɓarewa falle-falle, da shi a ke gane shi tun daga nesa. A daji ya kan kai ƙafa 100 ko fiye. In aka sare shi ko aka karya reshe sai wani danƙo mai ƙanshi ya tsattsafo ya rufe raunin, kamar yadda ƙaro ya ke fita a jikin ɗakwara. Mai karatu ya riƙe maganar danƙon nan, za mu komo kanta, domin a nan ran itacen ya ke.

Zamansa a gida

Fayin ɗin nan itacen wahala ne. Ƙasar da ya fi so ita ce rairayi ko tsakuwa, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, wadda manomi zai dube ta ya wuce. Yana son rana tsantsa, ba ya haƙuri da inuwar wani. Sanyin da zai kashe yawancin itatuwa shi ko a jikinsa. A irin wuraren nan girmansa a hankali ya ke, kowace shekara ya ƙara ɗan kauri kaɗan, saboda haka naman itacen ya kan yi tauri, ya cika da danƙo, ƙwaro da ruɓa ba su samun hanya da sauƙi. Abin mamaki, waɗanda suka fi daɗewa a duniya su ne waɗanda suka tsiro a mafi munin wuri, a kan dutse ko a bakin iyakar da itace ya ke iya rayuwa ta arewa.

Yadda a ke sanin shekarunsa kuwa ba wuya. A ƙasashen sanyi itace ya kan daina girma da hunturu, ya tashi kuma in ɗumi ya komo, saboda haka kowace shekara tana barin zobe guda a cikin kututture. Ma'aikatan daji suna da wani ƙarfe mai rami kamar bututu, su murɗa shi cikin itacen su zaro ɗan siririn tsinke, su ƙidaya zobban ba tare da sun sare shi ba. Ta haka aka gane akwai wani a kwarin Glen Loyne na Sikotilan da ya kai wajen shekara 550. Malamin makarantar da ya ke so ya gwada wa yara wannan da kututturen gida sai ya yi hattara, don itatuwanmu da yawa zobbansu ba su fita sosai, waɗansu kuma ba su bin shekara daidai.

Ba mu ce a gida ba shi da damuwa ba. Bayan zamanin da ƙanƙara ta janye daga Sikotilan, wajen shekara 9,000 da suka wuce, fayin ya rufe tsaunukan ƙasar da babban daji. Sauyin yanayi ya ci wani sashe, gatari da wuta da kiwon tumaki suka ci saura, har abin da ya rage yau a bisa ƙiyasi bai fi kashi 1 cikin 100 ba, watau kimanin hekta 18,000 a warwatse a wurare 84. Da aka ƙarar da kyarkeci a ƙasar tun kafin ƙarshen ƙarni na 18, sai bareyi suka yi yawa, duk ɗan tsiron da ya leƙo su cinye. Saboda haka akwai kwaruruka inda za ka ga tsofaffin itatuwa tsaye ɗai-ɗai, mutanen ƙasar suna ce musu kakanni, babu ƙarami ko ɗaya a ƙarƙashinsu. A 1959 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Abadin, Steven da Carlisle, suka fitar da littafi a kan ragowar dajin, shi ya farkar da hukuma. Aka shiga kewaye wurare da shingen waya, kamar a Glen Affric, inda aka hana bareyi shiga 'ya'yan itacen suka tashi da kansu. Amma a lura, ciwon da ke can na rashin magada ne. Tsofaffin kansu lafiyarsu lau.

Tafiya Amurka

Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da irinsa tun zamanin da ƙasar ta ke ƙarƙashin Ingila. Da aka buɗe filayen tsakiyar ƙasar, jihohin Kansas da Nabraska da Ayowa da Misuri da Ilinoi, inda iska ta ke kaɗawa ba abin da zai tare ta, sai aka ga ba itacen da ya kai shi dacewa. Yana kamawa da sauri in an dasa, yana jimre fari, yana da araha, ga shi kore rani da hunturu. Aka jera shi layi-layi a gefen gonaki don tare iska, aka dasa a makarantu da maƙabartu da ƙofar gidaje. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 kuma shi ne kan gaba cikin itatuwan da Amurkawa su ke sara su kai ɗaki su yi wa ado da Kirsimeti.

Tun farko an yi kuskure guda, ba a kula da inda irin ya fito ba. Itacen da ya yaɗu daga Sifen zuwa Saibiriya ba zai zama hali ɗaya ba. Wani Bafaranshe, Vilmorin, ya gwada haka tun shekarun 1820 a gonarsa ta Les Barres: ya shuka irin wurare dabam-dabam gefe da gefe, sai na wajen Riga a bakin tekun Baltik suka miƙe sak, waɗansu kuwa suka karkace. Da yawa daga irin da aka fara kai wa Amurka na karkatattun ne, shi ya sa fayin ɗin can ya yi suna da gwame, ba ya katako mai kyau.

Sa'an nan ga halin ƙofar gida. Mai gida a Amurka yana son ciyawar ado kore a gabansa, saboda haka kullum famfo yana yayyafi. Abin da ya yi wa ciyawa daidai ya yi wa fayin yawa, balle a ƙasar laka mai riƙe ruwa, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓa. Waɗansu su kan binne gindin da zurfi wajen dasawa. Injin yankan ciyawa ya kan goge ɓawon. A zuba taki, itacen ya yi tsawo da gaggawa, namansa ya yi laushi. Bisa wannan duka ga zafin Yuli da Agusta na tsakiyar Amurka, wanda kakanninsa ba su taɓa sani ba, wata shekara kuma fari ya biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Masu shigar kuwa suna da yawa. Akwai wata funfuna, Diplodia, wadda ta fi kama itacen da ya manyanta ya fara 'ya'ya sosai. Tana kashe sabon toho tun bai gama fita ba, ta faro daga rassan ƙasa tana hawa shekara da shekara, a ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jikin kwanson 'ya'yan. Akwai tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare mai huda inda reshe ya haɗu da kututture, danƙo ya taru a wurin dunƙule-dunƙule, iska ta zo ta karya reshen. Akwai masu cin ganye da masu tsotsonsa. Waɗannan duka suna rage wa itace kyau da ƙarfi, amma a hankali su ke kisa, mai lura ya kan iya jan kwanan itacensa da sassabe rassan da suka kamu da feshin magani a kan kari. Mu ƙara da cewa ba kowane jan ganye ne ciwo ba. Kowace kaka tsofaffin allurai na ciki, masu shekara 3 ko kusa da haka, su kan yi rawaya su zube, na bakin reshe su saura kore. Wannan al'adarsa ce, mutane da yawa sun ɗaga hankalinsu a banza saboda ita.

Tsutsar da ido ba ya gani

Babban mai kisan dabam ya ke. Wata 'yar tsutsa ce siririya, tsawonta bai fi milimita 1 ba, sai da madubin likita a ke ganinta da kyau. Asalinta 'yar Amurka ce, an fara bayyana ta a rubuce a 1934 daga wani katako na jihar Luwiziyana, ba wanda ya ɗauke ta a bakin kome, domin fayin na Amurka sun daɗe tare da ita, sun saba, da wuya ta kashe mai lafiya a cikinsu. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙon itacen ne bai san ta ba.

Ita kanta ba ta iya tashi daga wannan itace zuwa wancan. Dokinta wani ƙwaro ne mai dogayen ƙahoni, sun fi jikinsa tsawo, wanda tsutsarsa ta ke girma cikin mataccen fayin tana huda shi. Lokacin da ƙwaron ya kusa fita, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai 'yan tsutsotsin nan su taru su shige cikin hanyoyin numfashinsa, ƙwaro guda ya kan ɗauki dubbai. Ya tashi ya sauka a kan lafiyayyen itace, ya gwaguyi ɓawon ɗanyen reshe don ya ci, su kuwa su sulale su shiga ta raunin. Daga nan su bi hanyoyin danƙo su bazu cikin itacen. In da zafi, daga ƙwai zuwa uwa kwana 4 ko 5 ne kurum, saboda haka cikin 'yan makonni sun zama miliyoyi. Suna cin naman da ke kewaye da hanyoyin danƙo, iska ta shiga jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, ruwa ya yanke. Itacen ya mutu da ƙishirwa ko da gindinsa a jiƙe ya ke.

Alamar fari ita ce danƙo ya ƙafe. In ka yanki reshen lafiyayyen fayin hannunka zai yi danƙo, na mai ciwon nan kuwa a bushe za ka same shi. Sa'an nan ganye ya dushe ya koma toka-toka, ya yi rawaya, ya yi ja, amma ba ya zuba, yana nan maƙale a jikin rassa. Yawanci daga Agusta zuwa ƙarshen shekara a ke ganin haka, wani itacen wata guda ya ishe shi. Itacen da bai kai shekara 10 ba da wuya ya kamu, sai wanda ya girma ya fara ba da inuwa, watau daidai lokacin da mai shi ya fara cin moriyar wahalarsa. Da itacen ya raunana sai ƙwaron ya komo ya yi ƙwai a ɓawonsa, 'ya'yansa su yi hunturu a ciki, baɗi su fito da sabon kaya.

Ba a Amurka aka fara gane ciwon ba. A Japan ne fayin suka fara mutuwa a Nagasaki a 1905, bisa ga dukkan alamu tsutsar ta shiga ne cikin katakon da aka kawo a jirgin ruwa. Shekara 66 ana zargin ƙwaro, sai a 1971 masanan Japan suka tabbatar tsutsar ce mai laifi. A 1979 kaɗai ƙasar ta yi hasarar katako kubik mita miliyan 2.4. A shekarar nan ce kuma aka fara shaida ciwon a Amurka, a garin Kolambiya na jihar Misuri. Daga nan aka yi ta ganinsa a jihohin maƙwabta, ya bi layukan tare iska yana cinyewa, har ya zama ma'aikatan gona na Kansas da Nabraska da Misuri sun daina ba mutane shawarar dasa fayin na Sikotilan sam.

Me ya rage wa mai itace a ƙofar gida? In ya riga ya kamu babu magani, ko a nan ko a Japan. Akwai allurar rigakafi da a ke yi wa kututture tun yana lafiya, a maimaita bayan shekara 2 ko 3, amma da tsada, ba ta kuma hana kamuwa ɗungum, sai don itace guda mai daraja. Abin da ya fi amfani shi ne a yanki guntun reshe mai kauri a aika ɗakin bincike, a jiƙa shi cikin ruwa, in da tsutsa za ta fito a gani. In ta tabbata, a sare itacen har ƙasa kafin watan Afrilu ya wuce, a ƙone ko a niƙe ko a binne, tun ƙwaron bai fito ba. A nan ne rowa ta kan cuci mutane. Wani ya ga itace mai kyau ya ce ai ba a ƙona wannan a banza, ya faskare ya jibge a bayan ɗaki don hunturu mai zuwa, ko ya ba ɗan'uwansa a wani gari. Ƙwaron ya fito daga jibgin ya hau itatuwan maƙwabta. A ganinmu wanda ya bar mataccen fayin tsaye a gidansa har zafi ya shigo ya ɗauki alhakin unguwa duka, ba mu ga bambancinsa da wanda ya jefa mushe a rijiyar gari ba.

Mu a nan ba mu da wannan itace, ba zai ma yi ba, don yana bukatar sanyin hunturu na gaske. Fayin da ma'aikatan daji suka dasa a Afaka kusa da Kaduna, da kan tudun Jos da Mambila, waɗansu iri ne na ƙasashen zafi, yawancinsu daga yankin Karibiyan da tsakiyar nahiyar Amurka. Amma dogaro ga baƙon itace guda mun san shi. Dogon yaro daga Indiya ya zo, aka dasa a Barno a 1928, ya karɓu har ya zama shi ne inuwar kasuwa da makaranta da bakin hanya daga Maiduguri zuwa Sakkwato. Da wani ƙwaro mai manne wa ganye ya auka masa a kewayen Tafkin Chadi a shekarun 1980, garuruwa da yawa ba su da wata inuwar da za su koma. Dogon yaro ya farfaɗo, fayin na Kansas bai sami wannan sa'a ba. Wanda aka ba aikin dasa itatuwa a makaranta ko ofis ya kyautu ya gauraya, ya sa tsamiya da maɗaci da ɗorawa a tsakani.

Saura tambaya guda: ina makomar kakannin nan na Sikotilan da Finlan in tsutsar ta kai gare su? Ta riga ta fita Japan, ta shiga Sin a 1982, Koriya a 1988, ta sauka Turai a Fotugal a 1999, kusa da tashar jiragen ruwa ta Setubal, ta ƙetara Sifen a 2008. Abubuwa biyu ke tsare arewa. Na ɗaya, ciwon ba ya kisa sosai sai inda matsakaicin zafin watannin rani ya wuce awo 20 a ma'aunin Salsiyas, Sikotilan da Laplan kuwa ba su kai nan ba, ko da ya ke duniya tana ƙara ɗumi, iyakar tana matsawa arewa. Na biyu, irin ƙwaron da ke ɗaukarta bai zauna a tsibirin Ingila ba. Saboda kada ya shiga a ɓoye, shi da ire-irensa, ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a 2002 cewa katakon da a ke yin akwatuna da matashin kaya na jiragen ruwa sai an kashe abin da ke cikinsa kafin ya ƙetare iyaka. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa shi har tsakiyarsa ta kai awo 56, ya yi minti 30 a haka. Akawun da ke karɓar kaya daga ƙasashen waje, in ya duba gefen akwatin katako zai ga hatimi mai hoton zangarniya, da haruffan ƙasar da ya fito, da HT a ƙarshe, alamar an gasa shi ke nan.